Jinyar Ajuji, Ɗan Zomon da Aka Hana Ni Runguma

Godiya ta tabbata ga Allah da ya raya ni, ya kuma raya abin da ya sa a hannuna. Sunana Dije, daga wani ƙauye nake a ƙasar Baure, kuma labarin da zan ba ku na jinyar ɗan zomon daji ne. Na san wani zai yi dariya. Ya yi abarsa, an yi mini wadda ta fi tasa a tsakiyar Daura ban mutu ba. Abin da ya sa nake faɗa, duk damina sai garma ta tono 'ya'yan zomo a gonakinmu, a kwaso su da kyakkyawar niyya a kawo gida, kafin a ankara an jefar da gawarsu bayan danga. Ni ma biyu sun mutu a hannuna kafin in gane kan abin. Na ukun ya rayu, kuma wallahi ba na jin kunyar cewa ina alfahari da shi.

Sai na fara gaya muku abin da ke ƙasa, in ba haka ba za ku ce matar nan ba ta da aikin yi. 'Ya'ya uku na haifa a gidan Malam, maigidana, babu wanda ya kai yaye. Daga nan haihuwar ta tsaya. A shekarun nan da aka kawo Shari'a masu wa'azi sun yi ta faɗa a kan camfi, har mutane suka daina kirana mai wabi a gabana. Amma maganar ba ta mutu ba, ƙasa-ƙasa ta koma. Shekarar da cuta ta share kajin kowa a garin, nawa kaɗai aka ce hannun Dije ne. In na shiga gidan suna sai in ga maijego ta gyara wa jariri kwanciya ta bayanta. Ba a ce mini kada in ɗauka, ba a kuma miƙo mini.

Ƙanena Habu, wanda ƙofar gidansa ke kallon tamu, yana da 'ya mai suna Nana. Tun ranar sunanta ya ce a gaban mutane, "Yaya, wannan in ta isa yaye, ke za ki yaye ta." Matarsa Rabi tana zaune ta sunkuyar da kai, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ni kuwa na riƙe maganar nan kamar garwashin da aka roƙo daga maƙwabta, ina kare ta kada ta mutu a hanya. Daminar da nake ba ku labari Nana tana gudunta ko'ina, an ce za a yaye ta in an ci sabon gero. Sai ga Inna Tasalla, ƙanwar mahaifiyarmu, ta zo ta shimfiɗa tabarmata da kanta ta zauna.

"Dije, ki cire rai," in ji ta. "Na ji ana cewa Kongolam Rabi za ta kai yarinyar, wurin uwarta."

"Saboda me, Inna?"

"Ke ma kin sani, 'yar nan. Wa zai ba ki ajiyar rai?"

Na ci gaba da murza ƙuli-ƙulina, don ita ce sana'ata, amma ranar ko tuwo bai wuce mini ba.

Ana cikin huɗar gero, rannan da hantsi Habu ya shigo gidanmu da hularsa a hannu, yana riƙe da ita kamar ƙwarya cike da ruwa. Ashe karensa ne ya kama zomanya a bakin gona, Habu ya yi sauri ya yanka ta, da aka zo feɗewa sai aka ga nono a jikinta. Da ya koma kan huɗa, garma ta bi ta gindin wata sabara, sai ga 'ya'yan. Su uku, kowanne bai cika tafin hannu ba, da gashinsu, idanunsu a buɗe tar. Ɗaya bakin garma ya ɗebe masa gefen kunnen hagu, jini ya bushe masa har wuya.

"Yaya, na rasa yadda zan yi da su," in ji Habu. "In na bar su shaho ne, in na kai gida kare ne."

Na ce, "Kawo."

Inna tana nan ranar ma. Ta leƙa cikin hular ta tafa hannu. "Ikon Allah! Kin ga wannan tun daga daji aka yi masa yankan wabi. Shi zai zauna. Da Malam ya bari an yanki kunnen na ƙarshenki yadda na ce..."

Malam yana gindin rumbu yana ɗaure ƙotar fartanya. Bai ɗago ba ya ce, "Inna, camfi ne. Na hana a lokacin, yanzu ma na hana."

Don ta ba shi haushi sai ta raɗa wa mai yankakken kunnen Ajuji, irin sunan da ake sa wa ɗan wabi don ya tsaya. Sunan ya bi shi. Da yamma Rabi ta leƙo, Nana a bayanta. Ta dubi kwandon da na sa su, ta dube ni, ta ce, "Allah ya raya, Yaya." Babu wanda ya ce mini jarrabawa ce. Amma ni na san duk garin an zuba ido a ga abin da hannun Dije zai yi da rai uku.

Makon farko, duk abin da bai kamata ba shi na yi, kuma da zuciya ɗaya na yi shi. Na sayi madarar shanu wurin 'yar Fulanin da ke kawo mana nono, na sirka da ruwa, ina kwantar da su rigingine a hannuna ina ɗura musu da cokali kamar jarirai. In zan yi aiki sai in sa su a cikin zanena a ƙirji don su ji ɗumi, ina yi musu 'yar waƙar rarrashi. Shawara kuwa kamar ruwan Agusta. Inna ta ce kunun kanwa, ai shi ke gyara ciki. Maƙwabciyata ta ce zuma da ruwan dabino. Wata ta ce in tauna gyaɗa in ba su a baki. Na bi ta wannan, na bi ta waccan, don duk wadda ta yi magana ta raya 'ya'ya, ni ce ban raya ba.

Babbansu ya fara. Cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ƙwallon goruba, zawo ya ɓata masa ƙafafu, da gari ya waye ya sandare. Na biyun ina ba shi madara sai na ga tana fitowa ta hanci. Ya yi ta atishawa, numfashinsa ya koma da 'yar ƙara. Na ƙara matse shi a jikina, a tunanina sanyi ne. Ina tankaɗe da rana tsaka na ji ya daina motsi a cikin zanena, a hankali ɗumin ya tafi. Na san wannan sanyin. Sau uku na taɓa jin sa a daidai wurin nan. Na ajiye rariya na shiga ɗaki na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar autana. Malam ne ya ɗauke shi ya binne bayan rumbu.

Saura Ajuji. Kunnen ya kumbura, ya fara wari, ƙudaje sun ƙi barinsa, ya daina karɓar cokali. Na ce wa Malam, "Daura za ni, asibitin dabbobi."

"Dije, kuɗin motar nan ai ya saya miki zomaye soyayyu a kasuwa."

"Ban ce ka ba ni ba, Malam. Izini na nema."

Ya dube ni ya daɗe. Sai ya tashi ya ɗauko babbar rigarsa ta zuwa Juma'a ya ce in wuce mu je. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, don ya san dariyar da za a yi har da shi.

An kuwa yi ta. Mun tarar da layi tun daga bakin ƙofa: bijimai, raguna, jaki mai gyambo, har da raƙumin wani Buzu da ya tsallako iyaka da shi. Ga ni a tsakiyarsu da kwando rufe da gyale. Wani dillalin shanu mai tumbi ya ce, "Hajiya, kaza ce ba lafiya?"

Na ce, "Zomo ne."

"Na gida?"

"Na daji."

Kai! Sai ka ce na ɓarke da wasan kwaikwayo. Ya kira 'yan'uwansa su zo su ji. Ya ce, "Hajiya, ai wannan maganinsa gishiri da yaji."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Naka bijimin ma can za shi, Alhaji. Me ya sa ka wahalar da shi zuwa nan?"

Aka koma yi masa dariyar, Malam ya juya baya yana tari don kada a ga haƙoransa. Mun sha rana ranar, har na fara jin jiri, ga kukan shanu, ga Ajuji yana ta karkarwa a kwando. Buzun nan ne ya ja raƙuminsa ya tsayar da shi ta yadda inuwarsa ta rufe ni, da layi ya zo kansa kuma ya ce in shiga. Ban san sunansa ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

Likitan yaro ne matashi, bai yi dariya ba ko kaɗan. Ya wanke kunnen da ruwan gishiri, ya zaro wasu 'yan tsutsotsi da tsinken ƙarfe, ni ko na kau da kai, ya shafa shuɗin maganin nan da ake sa wa gyambo. Sannan ya ce in nuna masa yadda nake ba shi abinci. Na sa hannu na ɗauko Ajuji na kwantar a hannuna.

"A'a, Hajiya! Ajiye shi!"

Na ajiye. Ya ce madarar shanu ita ta kumbura na farko, kwanciyar rigingine ita ta kai wa na biyu madara cikin huhu. Ya ce zomanya ba ta kwana da 'ya'yanta, ba ta ɗaukarsu. Sau ɗaya take zuwa in rana ta faɗi, ta tsaya a kansu su sha, ta yi tafiyarta. Sai ya faɗi maganar da ta zauna mini a kai har gobe: "Hajiya, duk ɗaukar da kika yi masa, shi a wurinsa shaho ne ya sure shi. Tsoro ya fi yunwa kashe su."

Ya ba ni sirinji marar allura. Ya ce nonon akuya, da ɗuminsa, ba sirki, safe da yamma. A bar shi a kan ƙafafunsa, a ɗiga masa ta gefen baki kaɗan-kaɗan. In ya gama a shafa masa mara da tsumma mai ɗumi don ya yi fitsari, yadda uwarsa ke lashe shi. A sa shi a duhu, ba hayaniya, ba 'yan kallo, ba waƙa. Ya ce ba zai yi mini alkawari ba, yawancinsu ba sa yi. In kuma Allah ya sa ya girma, in mayar da shi daji, don ba zai taɓa zama na gida ba.

A mota ina ta ƙunƙuni. Na zo neman magani, an ce in janye hannuna. Ni da abin da na iya a duniya shi ne runguma, shi aka ce yana kisa. Haushin likitan nan na ji har muka wuce Zango, amma ban bar ko ɗaya daga cikin maganarsa ta faɗi ba.

Sai matsalar nono. A garinmu wa ke tatsar akuya? Kuma duk unguwar, akuyar da ta haihu kwanan nan ɗaya ce, ta Rabi. Na haɗiye girmana na shiga gidan ƙanena da ɗan ƙoƙo.

"Tatsar akuya, Yaya?" Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Amma ta ajiye tsintsiya ta kama mini ƙahon. Akuyar nan ta shure ni, ta zubar da na farko, ta taka mini ɗan yatsa. Rabi ta ce, "Matsa, Yaya, ba ta san ki ba." Daga ranar ita ke tatsowa ta kawo da kanta safe da yamma. Ba ta shiga ɗakin tukwane, inda na mayar da Ajuji. A bakin ƙofa take tsayawa tana kallo.

Mako na biyu gwiwoyina suka gaya mini. In durƙusa a ƙasa, in rufa masa tsumma a ido, in sa yatsu biyu a bayansa don kada ya zille, iyakar taɓawar ke nan. Ya datse baki. In ɗiga, in jira. In ɗiga, in jira. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi don son in ɗauke shi, sai in cije leɓe. Rannan da yamma sai na ji an ja sirinjin daga hannuna. Shi ne ya kama da kansa yana tsotsa, yana tura ƙafafun gaba. Na so in yi ihu, na tuna an hana, na juyo na dubi Rabi, na ga ita ma ta toshe bakinta da gyale.

Washegari na tarar da 'yan ƙwayoyin kashinsa, busassu, kamar ƙwayar dawa. Na kwaso a tafin hannu na nufi Malam yana shan koko.

"Malam, duba!"

"Dije, kashin zomo kike nuna mini da sassafen nan?"

"Ba zawo, Malam! Duba da kyau!"

Ya duba ɗin kuwa, ya ce, "Masha Allahu," ya ture kokon.

Gidan kuma ya sha doka. Na kwashe turmina na kai gidan Habu don ƙarar daka tana firgita shi. Rediyon Malam ya koma zaure. Kyanwar maƙwabta ta sha jifa har ta daina bin dangarmu. Ƙuli-ƙuli ya ja baya, masu saye suka koma wurin wata, ban ce abin bai dame ni ba, ya dame ni. Amma kumburin kunnen ya sace, warin ya tafi, bakin ciwon ya fara haɗuwa.

A mako na uku aka kusa kashe mini shi da ƙauna. Ina gidan Habu ina daka, ashe mata sun taso daga wani suna, Inna ta ja su gidana ta buɗe ɗakin tukwane. Na dawo na tarar da Ajuji yana yawo daga hannu zuwa hannu, ana ta shewa, wata tana ja masa kunne ta ga yankan. Ban san lokacin da na yar da taɓarya ba.

"Ku ajiye shi! Ku fita! Ku fita mini daga gida!"

Inna ta ce, "Ke Dije, da ni kike?"

"Inna, ke uwa ce, gobe zan zo in durƙusa. Amma yau har ke, fita."

Suka fita ana cewa dama ai ba ta da lafiya. Ajuji ya lafe a lungu, idanu a waje, ƙirjinsa yana bugawa kamar zai tsage. Ya ƙi nono da yamma. Ya ƙi da safe. Na ajiye masa ɗanyar ciyawar harƙiya da ƙasar gona a gefe yadda likita ya ce, na jawo ƙofa, na zauna a waje na danne hannayena da cinyoyina. A duk jinyar nan babu abin da ya kai wannan zaman wuya. Duk jikina yana cewa shiga ki ɗauke shi, zai mutu shi kaɗai a duhu. Na ƙi.

Ina nan zaune Rabi ta shigo da ƙoƙo, Nana ta sauka ta nufi ƙofar tana cewa, "Gwaggo, zomo! Zomo!" Yarinyar da nake lallaɓawa kamar ƙwai, wadda ban taɓa hana ta komai ba don ta saba da ni. Na tare ƙofar na ce, "A'a, Nana." Ta fashe da kuka, ta yi birgima, ta gudu bayan uwarta ta ƙi ko kallona. Na ce a raina shi ke nan, Dije, kin rasa zomon kin rasa yarinyar. Rabi ta goya 'yarta ta fita.

Da la'asar sakaliya na leƙa ta ramin ƙofa. Harƙiyar ta ragu. Yana zaune a kan ƙafafun baya, ganye a baki, yana ta sarrafa shi kamar tsohuwa da goro. Na sulale a wurin na yi sujada a kan ƙasa.

Daga nan sai girma. Ganyen wake, ganyen gyaɗa, harƙiya, duk ya iya. Da kansa ya yaye kansa, rannan ya shinshina sirinjin ya juya mini baya. Ƙafafun suka miƙe, jikin ya yi ja-ja irin na ƙasar gonarmu, kunnen ya warke da gibinsa. In na buɗe ƙofa sai ya yi tsalle ya ɓuya bayan tulu. Malam ya ce, "Dubi butulu, ko sannu." Ni kuwa daɗi nake ji, don likita ya ce ranar da ya fara guduna, ranar jinya ta yi kyau.

Labari ya zaga gari: Dije ta raya zomon daji. Na je na durƙusa wa Inna kamar yadda na ce, ta yafe, ta ma koma ita ke yaɗa labarin kamar da kunun kanwarta ya rayu. A wani suna maijego ta miƙo mini jaririnta da kanta. Kaina ya fasu, ba zan ɓoye ba. Inna ta ja ni gefe ta ce, "Kada ki kuskura ki sake shi. Shi ne shaidarki. A gina masa akurki, duk mai maganar hannunki a kai shi ya gani. Ki bari aƙalla a ba ki yarinyar nan." Maganar ta shige ni, don yaye ya matso, Rabi kuma har yanzu ba ta ce komai ba.

Amma Ajuji bai san da wannan lissafin ba. Da rana ta faɗi sai in ji dum, dum, yana dukan ƙofa da jikinsa. Wata safiya na ga jini a hancinsa, gashi a manne a bango, ganyen jiya yana nan ya yi yaushi. Na tsaya na yi tunani. Yanzu gero ya rufe mutum, ga ciyawa, ga wurin ɓuya. In na jira yaye, an girbe, gonaki sun zama fili fetal, samari sun fito farauta da karnuka. Zomon da ya girma a ɗakin tukwane ba zai kai ko'ina ba. In na riƙe shi don a ba ni Nana, ko bango ya kashe shi ko kare. In na sake shi, ba ni da abin nunawa.

Na ce wa Habu ya ɗaure karensa. Bayan la'asar na ɗauki kwando, sai Rabi ta ce, "Bari in raka ki, Yaya." Ta bar Nana wurin ubanta. Muka bi ta cikin gero har muka fita wata saura mai yawan sabara da geza, nesa da gidaje. Da na sa hannu zan fito da shi ya shure ni da ƙafar baya, ya tsaga mini wuyan hannu. Tabon yana nan, ina nuna wa duk wanda ya tambaya, har da wanda bai tambaya ba.

Ya sauka ya tsaya cak. Ya ɗaga kunnuwan nan, ɗaya cikakke ɗaya mai gibi, hancinsa na rawa. Sai fit! Ya yi dama, ya karya hagu, ya tsallake wata geza kamar ba a taɓa kulle shi a ɗaki ba. Ko waiwaye bai yi ba. Ni Dije, a tsakiyar daji, na rangaɗa guɗa har tsuntsaye suka tashi. Abin da aka kawo mini a cikin hula da tsutsa a kunne, ga shi can ko karen Habu bai isa ba. Daga guɗar kuma sai kuka, na zauna a kan kunya na yi mai isata.

Rabi ta yage bakin gyalenta ta ɗaure mini hannu. Ta ce, "Yaya, kin san za a ce mutuwa ya yi kika ɓoye?"

"Na sani."

"To, ni na gani."

Muka kama hanya. Sai da muka hango rumbunan gari ta sake magana, tana kallon ƙasa. "Yaya, ni ban taɓa tsoron hannunki ba. Rai na Allah ne. Abin da nake tsoro, in na ba ki Nana ba za ki iya maido mini da ita ba. Ina ganin yadda kike kallonta. In kika riƙe, Habu ba zai iya ce miki a'a ba, kowa kuma zai ce in bar miki, ai zan haifi wata."

Ba ƙarya ta yi ba. Na ce, "Rabi, ranar da kika ce in kawo ta, da ƙafata zan kawo ta." Muka rabu a ƙofar gida.

An faɗa kuwa. An ce ya mutu na binne a daji. Inna ta yi fushi ta daina zuwa. Ban bi kowa da rantsuwa ba. Abin da kawai nake gaya wa duk wanda ya tsaya saurare shi ne abin da nake gaya muku: in kun ga ɗan zomo shi kaɗai a ciyawa, ku bar shi, ba maraya ba ne, uwarsa na zuwa da magariba. In kun tabbatar ta mutu, to nonon akuya, duhu da shiru. Ba madarar shanu, ba kunu, ba rigingine, ba goyo. In ya fara gudunku, ku buɗe masa ƙofa tun gero na tsaye.

Aka girbe gero, aka ci sabo. Na ji an ce uwar Rabi ta aiko daga Kongolam tana tambayar yaushe za a kawo mata jikarta, na ce a raina Allah ya sa haka ya fi alheri. Wata Juma'a da safe ina shara, Malam yana gindin rumbu, sai na ji sallama. Rabi ce, Nana a bayanta, Habu yana biye da ƙullin kaya a hannu. Rabi ta kwance goyo ta sauke yarinyar a gabana, idanunta sun yi ja.

"Ga ta, Yaya. In ta manta nono ki kawo mini abata."

"In sha Allahu," na ce.

Nana ta ɗago hannu biyu tana cewa, "Gwaggo, ɗauke ni." Ni kuwa ina tsaye ƙiƙam, ashe na mayar da hannayena baya na harɗe, yadda na saba a ƙofar ɗakin tukwane duk daminar nan.

Malam ya ce, "Dije, miƙa hannu mana. Wannan likita bai hana ba."

Na yar da tsintsiya na sure ta, na rungume ta da duk rungumar da na tara tun huɗar gero.